Duwatsun Kabarin Nicolasa

Shekara goma sha tara Chencho Levario ya yi yana gyaran hanyoyin ƙafa a cikin gandun gwamnati, kuma in ka tambayi duk wanda ya taɓa aiki da shi me ya fi iyawa, ba zai ce maka gini ba. Zai ce shafe sawu.

Ga dalili. Baƙin nan masu yawon buɗe ido suna da wata ɗabi'a wadda ni dai har yau ban gane kanta ba. Mutum ya tuƙo mota kwana biyu cur don ya ga tsaunukan farin dutse yadda Allah ya ajiye su, yana isowa kuma sai ya tsuguna ya hau ɗora dutse a kan dutse, ya yi 'yar hasumiya, ya ɗauki hoto, ya kama gabansa. Na bayansa ya gani, shi ma ya yi tasa. Kafin wata guda kwari ya cika da su, masu tafiya su ɗauka alamar hanya ce su bi su ɓace, ɓata kuwa a ƙasarmu lokacin zafi ba abin wasa ba ne. To, in abin ya yi yawa, Chencho ake turawa.

Shi ba watsarwa kawai yake yi ba. Kowane dutse a nan yana da bayan da rana ta dafa ya yi toka-toka, da cikin da ya kwanta a ƙasa fari fat. Chencho zai mayar da kowanne bayansa sama, ya share wurin da reshen ƙaya, ya barbaɗa tsakuwa, ya koma da baya yana goge sawun takalminsa. In ya dawo bayan mako, shi kansa ba ya iya nuna inda abin yake. Yana alfahari da wannan, kuma ba ya ɓoyewa.

Wata Lahadi a watan Satumba ya je cin abincin rana gidan mahaifiyarsa a garin Presidio, kamar yadda ya saba tun da matarsa ta rabu da shi. Doña Otilia shekararta saba'in da tara, idonta ya yi hazo, likita kuma ya gaya mata a makon nan cewa zuciyarta ta kumbura. Tana zaune da babbar 'yarta Herlinda, wadda ta girmi Chencho da shekara huɗu, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba.

Suna cikin cin wake da tortiya, wato wainar masara, sai tsohuwar ta ajiye cokali ta ce, "Bana ranar matattu wurin uwata zan je."

Herlinda ta ce, "Wace uwa kuma, Mama? Kin sha maganinki kuwa?"

"Uwa nawa gare ni? Nicolasa. Chencho zai kai ni."

Duk sun san labarin, irin sanin da yara ke yi wa labarin da aka cika su da shi har suka daina saurara. A cikin gandun aka haifi Otilia, tun bai zama gandu ba, lokacin da mahaifinta ke yankan ciyawar kaki a kan tsaunuka yana dafawa don fitar da kakin a sayar. Tana shekara bakwai uwarta ta mutu wurin haihuwa. Shekara na zagayowa gwamnati ta sayi ƙasar daga hannun mai ita, aka ce wa ma'aikata su kwashe komatsansu. Tun daga ranar Otilia ba ta sake taka wurin ba. Ko da ɗanta ya samu aiki a ciki, ya yi ta roƙonta ta zo ta gani, amsarta ɗaya ce: ba za ta nemi izinin wani yaro mai hula ba kafin ta shiga inda aka yanke cibiyarta.

Chencho ya ce, "To, Mama, ai sai ki yi mini kwatance. Bayan Tudun Tukunya da kike faɗa, babu shi a taswira."

"Taswirarku ta banza. Ka san bakin kwazazzabo, inda kogi ke fitowa?"

"Na sani."

"In ka ba shi baya, akwai busasshen rafi a hagu. Ka bi shi ka hau, za ka ga wani dutse mai kwarmi da ke riƙe ruwan sama, nan jakunan babana ke sha. Ka wuce shi kaɗan akwai fili. Tana nan. Gicciyen na itace ne, ya daɗe da komawa ƙasa, amma ba za ka rasa ta ba, don duwatsun kogi ne mulmulallu, babu irinsu a wurin. Mu ba ma rufe mutum da dutsen tudu. Kowa sauka yake yi kogi ya saɓo ɗaya a kafaɗa."

Chencho ya daina tauna.

Ya san rafin, ya san dutse mai kwarmi, ya kuma san filin, domin a watan Maris na shekarar an tura shi can. Hasumiyoyin baƙi sun fi talatin a wurin. A tsakiyarsu ya tarar da wani dogon tsibi, ya nutse rabi a ƙasa, an ɗora masa wata 'yar hasumiya a ka. Yana tuna yadda ya tsaya ya riƙe ƙugu yana duban duwatsun. Mulmulallu ne, na kogi, ga kogin kuma tafiyar minti arba'in a ƙasa. Abin da ya zo masa a rai shi ne, dubi marasa aikin yin nan, har kogi suke zuwa ɗauko dutse don ya fi kyau a hoto. Ya sa ƙarfe ya banƙare su ɗaya bayan ɗaya. Da yake ba na wurin ba ne, bai mayar da su ƙasa ba, cikin busasshen rafin ya jefa su don ruwa ya kai su inda suka fito. Sannan ya gyara filin tsaf. Rafin kuwa sau uku ya yi ambaliya a daminar nan.

Herlinda ta ce, "Kai, me ya same ka? Barkonon ne? Ƙato da kai, gemu har ya yi furfura, barkono na sa ka hawaye."

Ya ce, "Barkonon ne, Yaya."

Ya kamata ya faɗa a lokacin, ni ma na san haka, shi ma ya sani. Amma tsohuwar tana murmushi irin wanda ya daɗe bai gani a fuskarta ba, tana lissafa abin da za a saya, furanni da kyandir da burodin matattu. Tsoro ya kama shi, da kunya mai nauyi. Ya tashi ya wanke kwanonsa, abin da bai taɓa yi a gidan ba, ya yi sallama da wuri.

Washegari ya hau rafin shi kaɗai. Ya tsaya a bakin filin yana dubawa, ko'ina iri ɗaya: farar tsakuwa, ƙaya, busasshiyar ciyawar da damina ta bari. Ya zagaya, ya tsuguna, ya kwanta rub-da-ciki yana hangen ƙasar ta gefe ko zai ga inda ta ɗan lotsa. Babu. Ya yi ƙoƙarin tuna inda ya ajiye gorar ruwansa ranar, wane kurmin ƙaya ne a damansa, amma wurare nawa ya gyara tun Maris? Abin da ya iya cewa kawai shi ne tana wajen gabas, tsakanin wani faffaɗan dutse da gaɓar rafi. Faɗin wurin ya kai filin ƙwallon kwando biyu. Ya sauka cikin rafin ya bi shi har ƙasa, ya tsinci mulmulallun duwatsu guda uku, su ma ba zai rantse na wurin ba ne.

Ya zauna a inuwar gaɓa ya daɗe. Doka ta ce in ma'aikaci ya ci karo da kabari ya kai rahoto ofis. Rahoton me zai kai? Ya ce musu akwai kabari a da, na kakarsa ne, shi ya kwashe shi da hannunsa? Aikin ma ba shi ne ya dame shi ba. Fuskar uwarsa yake gani in ta iso ta tarar da fili fetal.

Asabar huɗu a jere ya yi yana jigila. Ya sauka kogi da sassafe, ya zaɓi duwatsu, ya cika jakar goyo, ya hau minti arba'in, ya juye, ya sauko. Kafaɗunsa suka saɓule, gwiwarsa ta hagu ta kumbura. Ya zaɓi tsakiyar inda yake zato, ya jera tsibin dogo, kai wajen yamma. Duk dabarar da ya sani ya zuba: ya nutsar da na gefe, ya cusa ƙasa a tsakani, ya barbaɗa ƙura, ya kawo busassun ganyen ƙaya ya watsa. Da ya gama ya ja da baya ya duba, tsibin sai ka ce ya shekara ɗari a wurin. Kyawun aikin ma shi ya ƙara ɓata masa rai.

Ranar biyu ga Nuwamba, ranar matattu da ake ziyartar kaburbura, suka fito da safe a akori-kurarsa, tsohuwar a tsakiya sanye da baƙar rigar coci, Herlinda a bakin taga rungume da bokitin furanni ruwan ɗorawa. Warin furen ya cika motar. Gari ya yi lumshi, tsaunuka sun yi fari-fari a ƙarƙashin gajimare.

A ƙofar gandun wani saurayi mai hula ya leƙo, ya ga Chencho ya ɗaga hannu, sannan ya ce wa tsohuwar da Turanci, "Barka da zuwa, Iya. Zuwanki na farko ke nan?"

Otilia ta juya wajen Herlinda ta ce, "Me ya ce?"

"Wai ko zuwanki na farko ne."

"Ce masa e. Wancan karon ba zuwa na yi ba, a ciki na tsinci kaina."

Herlinda ba ta fassara ba, ta yi wa yaron murmushi kawai, suka wuce.

Tun daga nan tsohuwar ta hau nuna wurare da yatsa, ko da yake abin da take gani inuwa ce kawai. Can gidan su wane yake, can aka haƙa ramin dafa kaki, can wata akuya ta faɗa kwari aka kwana biyu ana jin kukanta. Chencho ya san wuraren duka da lambobinsu na aiki, amma bai taɓa sanin an yi gida a ko ɗaya ba. Yana cewa "to, Mama" kawai.

Ta ce sai an fara kai ta kogi. Suka ajiye mota, suka riƙe ta hagu da dama har bakin ruwa. A nan kwazazzabon ke buɗe baki, bango biyu na farin dutse sun miƙe sama har sai wuyanka ya yi ciwo, kogin na fitowa a tsakaninsu shiru, ruwan ƙasa-ƙasa. Iskar da ke fitowa daga ciki mai sanyi ce kamar ta randa. Baƙi kusan ashirin na wurin da huluna da sanduna, wasu na tura kwalekwale, wani na kwarma ihu don ya ji bangon ya maimaita masa.

Otilia ta ce, "Ruwan ya ragu."

Herlinda ta ce, "Ke kika girma, Mama."

"Ya ragu na ce. Saukar da ni."

Ta tsuguna da ƙyar, ta sa hannu cikin ruwan tana lalube, ta ɗago wani dutse daidai cikin tafin hannu biyu. Wata baƙuwa da ke kusa ta matso ta ce wa Chencho cikin ladabi ai ta karanta an hana ɗaukar komai a nan. Herlinda ta buɗe baki, shi kuwa ya san abin da zai fito, sai ya yi sauri ya ce wa matar shi ma'aikaci ne, ya san da maganar.

Otilia ta goge dutsen da gefen rigarta. Ta ce, "Ranar da aka rufe uwata kowa ya kai nasa, har makaho Don Pánfilo. Ni ma an ba ni wani ƙarami. A rabin hanya na ce ya yi mini nauyi, na yar da shi a bayan wani kurmi, na iso ba komai a hannuna. Babu wanda ya lura. Shekara saba'in da biyu ke nan ban gaya wa kowa ba."

Herlinda ta ce, "Haba Mama, shekararki bakwai fa."

"Bai yi nauyi ba. Fushi nake yi da ita don ta mutu."

Suka bar bakin kogin. Hawan rafin ya fi ƙarfin ƙafarta, don haka Chencho ya durƙusa ta hau bayansa, ta saƙalo wuyansa, dutsen na tokare masa ƙashin baya. Ba ta kai nauyin jaka ɗaya cikin waɗanda ya yi ta hawa da su ba, wannan kuwa ya sosa masa rai ƙwarai. Herlinda na biye da bokiti da kwando tana haki tana zagin takalminta. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sau biyun tsohuwar ta riga shi, tana tambaya ko sun kusa.

A dutse mai kwarmi ta sa ya tsaya. Akwai sauran ruwa kore a ciki. Ta taɓa bakin kwarmin ta ce, "Shi ne." Ya ƙarasa da ita filin ya sauke ta a gaban tsibin.

Ta tsaya tana duba da hazon idonta. Sannan ta durƙusa a hankali ta ɗora tafin hannunta a kai.

Ta ce, "Mama, ni ce, Tila. Na yi latti."

Herlinda ta fashe da kuka, ita da ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba. Otilia ta ajiye dutsenta a saman tsibin, ta gyara masa zama. Ta gabatar da su ɗaya-ɗaya: ga Herlinda mai baki, ga Crescencio wanda suke kira Chencho, shi ke kula da ƙasar nan yanzu, kin ga ba mu bar ta gaba ɗaya ba. Ta ba ta labarin mutuwar baban Otilia a can ƙetaren kogi, da aurenta, da 'ya'ya biyu da ta binne, da injin wanki. Herlinda ta share ido ta jera furanni, ta fito da burodi, ta tsiyaya kofi a ƙaramin kofin tangaran ta ajiye wajen kai.

Chencho na tsaye da hula a hannu. Gaskiya ita ce a wannan lokacin sanyi ya ji a ransa. Ya ce a zuciyarsa an wuce wurin, tsohuwa ta samu abin da ta zo nema, sauran kuma tsakaninsa da Allah ne.

Saura kyandir. Iska na kaɗawa, sun ƙi tsayuwa. Otilia ta ce a ba ta, ita ta san yadda ake yi, ana ɗaga dutse ɗaya na gefe a kafa kyandir a raminsa. Ta kama wani ta jijjiga, ya taso ba gardama. Ta cusa yatsunta a gurbin don ta ji zurfinsa.

Sai ta tsaya.

Ta ciro wani abu ta kawo dab da idonta, ta murza shi, ta sunsuna. Ciyawa ce, ta yi ɗorawa-ɗorawa ta kwanta, amma ba ta ko karye ba. Ta ɗaga dutse na biyu ta laluba. Ta ɗaga na uku. Ta juya cikinsa ta kankare da farce, busasshen gansakukan kogi ya zubo mata a cinya.

Ta ce, "Ciyawar bana ce a ƙarƙashin uwata."

Herlinda ta ce, "Ciyawa ai ko'ina tana fita, Mama."

"Ba ta fita a ƙarƙashin dutsen da ya shekara saba'in a kwance. Linda, zo ki zauna nan wajen kai. Dubi can ƙasa. Me kike gani?"

Herlinda ta zauna ta duba. "Tudu."

"Ba kya ganin bakin kwazazzabo? Da jan tsaunin da ke ƙetare?"

"Tudu ne kawai ya tare."

"Babana ya auna wurin da idonsa, don ta riƙa hangen garinsu da ke gindin jan tsaunin."

Wannan Chencho bai taɓa ji ba, ko kuwa an faɗa yana yaro bai saurara ba. Ya durƙusa a kan tsakuwa.

Otilia ba ta juyo ba. Ta ce, "Crescencio. Waye ya jera wannan?"

"Ni ne, Mama."

"Na ainihin fa?"

Ya gaya mata. Bai rage komai ba, da hasumiyoyin baƙi, da ƙarfen, da rafin, da ambaliya uku, da abin da ya ce a ransa game da marasa aikin yi. Muryarsa ta fito a bushe kamar yana ba da rahoto a ofis, don in ya sake ta ba zai iya ƙarasawa ba.

Herlinda ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi ja. "Kakarmu ka kwashe da shebur? Sannan ka zauna ka ci wake a gabanmu? Ka bar tsohuwa ta durƙusa tana hira da tarin duwatsu? Kai wane irin..."

"Linda, ya isa."

"Bai isa ba, Mama."

"Na ce ya isa. Ba gobe za ki rasa bakin zagi ba."

Herlinda ta koma gefe ta ba su baya. Iska ta ture kofin tangaran, kofin ya malale a ƙasa, ba wanda ya ɗaga shi.

Otilia ta ce, "Ƙasusuwanta ka taɓa?"

"A'a. Ban haƙa ba. Na sama kawai na kwashe."

"To tana nan ke nan."

"Tana nan."

"Ina?"

Ya ɗaga hannu ya nuna daga faffaɗan dutsen zuwa gaɓar rafi. Ya ce yanzu da ta faɗi maganar hangen kwazazzabo za a iya ragewa. Ya tashi da sauri ya hau zagaya filin yana leƙe. Daga gabashin tsibin ana ganin bakin kwazazzabon da jan tsaunin sarai. Amma ana ganinsu daga nan, ana ganinsu taku goma gaba, ana ganinsu taku ashirin gaba, har bakin gaɓa. Ya yi ta kai da kawo, takalminsa na aiki mai ƙarfe a baki yana ƙarar tsakuwa, yana cewa akwai na'urar da ke gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa, zai rubuta takarda, zai faɗi gaskiya ko da za a kore shi, ƙila kafin bazara a turo masana.

Ta ce, "Kafin bazara."

Ya tsaya cak. Su ukun sun ji abin da likita ya faɗa.

Ta miƙa hannu Herlinda ta ɗaga ta. Ta tsaya tana fuskantar gabas, ƙarama a cikin baƙar rigarta, ga filin shimfiɗe a gabanta ba alama ko ɗaya. Bai ga fushi a fuskarta ba, da ya gani ma da ya fi masa sauƙi. Gajiya ce kawai, da baƙin cikin da ya yi mata yawa har ya hana ta kuka.

Ta ce, "Da ka gaya mini a gida, da na zo na tsaya a bakin filin nan na yi mata magana, da ta ji. Yanzu abin da na ɓoye shekara saba'in na faɗa wa duwatsunka, ba ni kuma da ƙarfin sake faɗa."

"Mama, ki yafe mini."

"Zan yafe. Ba yau ba. Linda, kwashe furannin, ki tsinke su."

Herlinda ta tattara su, suka zauna su biyu suna tsinke kawunan furen cikin bokiti har ya cika da fure ruwan ɗorawa. Otilia ta tura bokitin wajen ɗanta.

"Ɗauki. Daga wancan dutsen har gaɓa, duk inda ake hangen garinsu, ka watsa. Kada ka bar ko taku ɗaya."

Ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya juya zai shiga filin.

Ta ce, "Tsaya."

Ya tsaya.

"Tun ɗazu nake jin ƙarar takalman nan naka a kanta. Cire su. Ba ka san inda fuskarta take ba."

Chencho ya ajiye bokitin ya zauna a ƙasa, ya kwance igiyar takalmin, ya cire safa. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, ƙafarsa fara sol, ba ta taɓa taka ƙasar nan tsirara ba. Ya shiga filin a hankali, tsakuwa da ƙaya na sukarsa, yana ɗiban furen yana watsawa hagu da dama, kowane taku sai ya duba ƙasa kafin ya ajiye ƙafa.